Wani Duk Shekara, Wani Sai Bayan Shekara 13: Abin da Ke Yanke Ranar Fitowar Sabon Gem

Ranar 17 ga Satumba 2013 kamfanin Rockstar Games ya fitar da Grand Theft Auto V, wasan bidiyon da masu buga gem suka fi sani da GTA 5. Kafin kwana 3 su cika, cinikinsa ya haura dala biliyan 1, abin da babu wani fim ko faifan waƙa da ya taɓa yi cikin ɗan lokaci irin wannan. Duk wanda ya ga wannan kasuwa zai ɗauka cewa nan da shekara biyu ko uku na shida zai biyo baya. Ba haka aka yi ba. Sai a Disamba 2023 aka nuna tallan farko na GTA VI, wanda aka kalla fiye da sau miliyan 90 a YouTube cikin kwana ɗaya. An ce zai fito a ƙarshen 2025, aka ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026, aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Tazarar shekara 13 ke nan. Yaron da ya fara buga na biyar yana ajin farko na ƙaramar sakandare ya isa ya gama jami'a har ya yi bautar ƙasa kafin ya ga na shida.

A cikin wannan wata na Satumba 2013 ne kamfanin EA Sports ya fitar da FIFA 14. Daga nan zuwa 2025 ya fitar da sababbi har 12, ɗaya kowace shekara, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba, ko a shekarar annobar korona, ko a shekarar da ya rabu da hukumar FIFA ya canja wa wasan suna.

Kamfanoni biyu, sana'a ɗaya, masu saye kusan iri ɗaya, amma ɗaya yana gudu ɗaya yana rarrafe. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne wai ɗaya ingancin aiki ne ya dame shi, ɗayan kuma kuɗi. A ganina wannan bayani ya yi wa Rockstar alfarma da yawa. Duka biyun lissafi ɗaya suke yi, kuma lissafin nan ya cinye wani abu da muka taɓa samu muka rasa: gem mai kyau da ke fitowa bayan kowace shekara biyu ko uku.

Lokacin da ba a jira

Waɗanda suka tashi a zamanin PlayStation 2 sun san ba haka abin yake a da ba. GTA III ya fito a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004. Uku ke nan a kan na'ura ɗaya, cikin shekara uku, kuma babu wanda ya zama maimaicin ɗan'uwansa. Na farko ya buɗe birni gaba ɗaya ya ce je ka inda kake so. Na biyu ya kawo babura da jirage masu saukar ungulu da kiɗan shekarun 1980. Na uku ya ba da jiha guda mai birane 3, da ƙauyuka da hamada a tsakaninsu. Wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san farkon San Andreas kamar tafin hannunsa: 'yan sanda sun jefar da jarumin wasan, CJ, a wani lungu na unguwar abokan gaba, ga keke a jingine, ka hau ka taka har unguwarsu, Grove Street. A shagunan gem na garuruwanmu, lambobin sirrin samun makamai da na korar 'yan sanda a jikin takarda ake rubuta su, takardar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta yage.

Haka abin yake a Japan. Final Fantasy VII ya fito a 1997, na takwas a 1999, na tara a 2000, na goma a 2001, kuma kowanne sabuwar duniya ce da sababbin mutane da sabon labari mai cin sa'o'i da dama. Sai ga shi daga baya na 13 ya zo a 2009, na 15 a 2016, na 16 a 2023. The Elder Scrolls na kamfanin Bethesda ya bi wannan hanya: Morrowind a 2002, Oblivion a 2006, Skyrim a 2011. A watan Yuni 2018 aka nuna wani ɗan bidiyo da bai kai minti ɗaya ba, duwatsu da bakin teku da suna kawai, aka ce na shida na tafe. Kamfanin ya juya ya yi Starfield, wanda ya fito a 2023, masu jiran na shida kuma suka ci gaba da jira.

Dalili na farko gaskiya ne, kuma ba a raina shi: aikin ya yi nauyi. San Andreas gaba ɗayansa a faifan DVD guda ya shiga, wanda bai kai gigabait 5 ba. Red Dead Redemption 2, wanda Rockstar ya fitar a 2018, ya haura gigabait 100. A cikinsa gemun jarumin yana tsiro a hankali, taɓo yana manne wa tufafinsa, dokinsa yana firgita idan ya ji maciji, mutanen gari suna tuna abin da ya yi musu jiya. Kamfanin ya ce an naɗi layukan magana kusan 500,000, da 'yan wasan kwaikwayo kusan 1,200. Kowane ɗayan waɗannan abubuwa wani ne ya zauna ya zana shi, wani ya rubuta masa umarni, wani kuma ya yi ta gwada shi don kada ya lalata wani abu a can gefe.

Kamfanoni ba sa son faɗin abin da suke kashewa, amma a Yuni 2023 asiri ya tonu ta wata hanya mai ban mamaki. Ana shari'a a Amurka tsakanin hukumar kula da kasuwanci da kamfanin Microsoft a kan sayen Activision Blizzard, sai kamfanin Sony ya miƙa wata takarda da aka shafe wasu layukanta da baƙin alƙalami. Da aka ɗauki hoton takardar aka sa a intanet, sai rubutun ƙarƙashin tawadar ya bayyana. Nan aka ga cewa The Last of Us Part II ya ci dala miliyan 220, da ma'aikata kusan 200, cikin kusan shekara 6. Horizon Forbidden West ya ci dala miliyan 212, da ma'aikata sama da 300, cikin shekara 5. Wannan kuɗin haɗawa ne kawai, ban da na talla.

Idan gem ɗaya zai ci irin wannan dukiya, faɗuwarsa na iya rufe kamfani. Sony ya ɗanɗana haka da Concord, wanda aka shafe shekaru ana haɗawa, ya fito a Agusta 2024, aka janye shi daga kasuwa bayan kusan mako 2 aka mayar wa masu saye kuɗinsu, sannan aka rufe sashen da ya yi shi. Mai riƙe da jakar kuɗi da ya ga haka ba zai yarda a yi kasada ba. Zai ce a tsaya kan sunan da aka sani, a ƙara girmansa, a ƙara kyan hotonsa, ko da zai ɗauki shekara nawa.

Tsohon da bai daina kawo kuɗi ba

Amma nauyin aiki kaɗai bai isa ya bayyana shekara 13 ba. Makonni biyu bayan fitowar GTA V, a Oktoba 2013, aka buɗe GTA Online, inda mutane ke haɗuwa ta intanet a cikin birnin Los Santos. A nan mutum na iya sayen kuɗin cikin wasa da kuɗinsa na gaske, ta hanyar abin da suka kira Shark Cards, ya sayi mota ko gida ko jirgi. Kamfanin yana ƙara sababbin ayyuka da kayayyaki kyauta lokaci zuwa lokaci, kayan kuma suna da tsada a kuɗin wasan, don haka wanda ba shi da haƙurin tarawa sai ya zaro kati. Shi kansa gem ɗin an sake sayar da shi a kan PlayStation 4 a 2014, a kan kwamfuta a 2015, a kan PlayStation 5 a 2022. Kwafin da aka sayar ya wuce miliyan 200. Mai gidan hayar da 'yan haya ke biya kan kari, har suna layin neman ɗaki, me zai sa ya yi gaggawar rushe shi ya gina sabo?

Ana iya ganin tasirin wannan a abin da aka daina yi. GTA IV na 2008 ya samu ƙarin labarai manya guda 2 a 2009. An yi alkawarin irin haka ga GTA V a ƙarshen 2013, amma ƙarin labarin bai taɓa zuwa ba, hankali ya koma kan Online. A da Rockstar yana da jerin wasanni da yawa: Bully na 2006, Midnight Club na tseren mota wanda na ƙarshensa ya fito a 2008, L.A. Noire na 2011, Max Payne 3 na 2012. Daga 2013 zuwa 2025 sabon gem guda ɗaya tak ya haɗa daga tushe, wato Red Dead Redemption 2. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a lamarin, fiye da jiran GTA VI kansa. Duk waɗancan ƙananan wasanni, masu gwada abin da ba a saba ba, an sallame su ne don manyan biyu, GTA da Red Dead, su samu dukkan ma'aikata.

Ko Nintendo, wanda ake yabo da riƙon al'ada, bai tsira ba. Mario Kart 8 ya fito a 2014, aka sake fitar da shi a kan na'urar Switch a 2017, ya sayar da kwafi sama da miliyan 60. Maimakon sabo, sai aka sayar da ƙarin hanyoyin tsere 48 tsakanin 2022 da 2023. Sabon, Mario Kart World, sai a Yuni 2025 ya zo, tare da sabuwar na'ura, a kan dala 80.

Masu zuwa duk kaka

Wasan ƙwallo yana da hujjar da sauran ba su da ita. Kakar wasa tana ƙarewa, 'yan wasa suna sauya kulob, jesi yana canjawa, wasu ƙungiyoyi suna faɗuwa wasu suna hawa. Tun Disamba 1993 da FIFA International Soccer ya fito, EA ya ɗaure kansa da wannan kalanda. Yana biyan lasisin gasanni da ƙungiyoyi da sunayen 'yan wasa sama da 19,000, kuma waɗannan kuɗaɗe ba sa jiran sai ya samu sabon tunani.

Tambayar ita ce ko sauya sunaye da jesi ya cancanci cikakken farashin sabon gem. EA da kansa ya ba da amsa a kan Nintendo Switch. Daga FIFA 20 zuwa FIFA 23, abin da aka sayar wa masu wannan na'ura shi ne wanda aka kira Legacy Edition, kuma kamfanin bai ɓoye ba cewa yadda ake buga shi bai canja ba, jerin 'yan wasa da kaya kawai aka sabunta. Mai sharhin shafin IGN ya fusata har ya kwafo sharhin da ya rubuta wa FIFA 20 ya sake liƙa shi a matsayin sharhin FIFA 21.

Ainihin abin da ke riƙe da wannan zuwa na shekara-shekara shi ne Ultimate Team, wanda aka fara a 2009. Mutum yana haɗa ƙungiyarsa da katunan 'yan wasa, yana sayen fakiti bai san wanda zai fito masa ba. A shekarar kuɗi ta 2021, EA ya bayyana cewa wannan sashe, a wasanninsa na ƙwallon ƙafa da sauran wasannin motsa jiki, ya kawo masa kusan dala biliyan 1.6. Ga kuma inda dabarar take: idan sabon gem ya fito a Satumba, ƙungiyar da ka shekara kana ginawa ba ta binka. Daga sifili za ka sake farawa. Don haka sabon fitowa ba sayar da faifai kaɗai yake yi ba, yana share allo ne domin a sake sayen fakiti. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin wannan tsari a 2018 ta ce caca ce, kuma a Janairu 2019 EA ya daina sayar da makin sayen fakiti a ƙasar. Iyayen da ke ba yaro katin banki ya sayi abu a cikin gem ya kamata su san wannan.

Da EA da hukumar FIFA suka raba gari a 2022, bayan rahotannin cewa hukumar ta nemi sama da dala biliyan 1 a kowace shekara huɗu don sunanta kawai, mutane da yawa sun zaci wasan zai girgiza. EA Sports FC 24 ya fito a Satumba 2023 a kan lokacinsa, da ƙungiyoyinsa da katunansa, kasuwa kuma ta ci gaba.

A nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye. A gidajen gem na Arewa, shekaru da yawa sarautar ƙwallo ta kamfanin Konami ce, da Winning Eleven da Pro Evolution Soccer (PES). Babu wanda ya damu cewa Manchester United sunanta Man Red, Arsenal kuma North London, saboda rashin lasisi. An san 'yan wasan ƙirƙira Castolo da Minanda na sashen Master League kamar 'yan unguwa, kuma wanda ya ɗauki Inter a PES 6 don ƙafar hagun Adriano ya san sai an yi masa ƙorafi. PES 2014 na cikin wasannin ƙarshe da aka fitar wa PlayStation 2, amma na'urar ba ta mutu a shagunanmu ba. Masu gyaran manhaja a ƙasashe daban-daban suka riƙa ɗaukar tsohon gem suna sa masa sababbin 'yan wasa da jesin bana, a buga a faifai, ya iso kasuwa. Mai shago ya saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yara su tambaya ko an sa sababbin 'yan wasa, ya ce an sa, shi ke nan. Ba na kare satar fasaha, haƙƙin mai abu haƙƙinsa ne. Amma waɗannan faya-fayai sun nuna wani abu a fili: kaso mai yawa na abin da ake sayarwa a matsayin sabon gem kowace shekara gyaran jerin sunaye ne.

Konami ya amsa wannan gaskiya a 2020, ya sayar da PES 2021 a farashi mai rahusa a matsayin sabuntawar kaka kawai, ya ce yana tanadin ƙarfinsa don babban sauyi. Sauyin ya zo a Satumba 2021 da sunan eFootball, kyauta, amma a ɗanye: fuskokin 'yan wasa a karkace, 'yan kallo kamar an zana su a kwali. Ya zama ɗaya daga cikin wasannin da suka fi shan suka a tarihin dandalin Steam, kamfanin ya nemi afuwa. An ɗauki lokaci kafin ya farfaɗo, kuma a waya ya fi samun jama'a.

Call of Duty ba shi da kakar wasa, amma tun 2005 bai taɓa fashin shekara ba. Dabarar Activision, kamfanin da ke fitar da shi, ita ce karɓa-karɓa. Da farko sassa biyu ne, Infinity Ward da Treyarch, kowanne yana da shekara biyu. Daga 2014 aka ƙara Sledgehammer Games, kowa ya samu shekara uku. Mai saye yana ganin sabo duk kaka, masu haɗawa kuma suna da ɗan sarari. Tsarin yana aiki har ranar da wani sashe ya makara. Modern Warfare III na 2023, wanda rahotanni suka ce an haɗa shi cikin kusan shekara ɗaya da rabi, ya zo da gajeren labari, kuma filayen faɗansa 16 na ranar farko duk tsofaffin filayen wasan 2009 ne aka yi wa kwaskwarima. Dala 70 aka sayar da shi. Kada kuma a ɗauka saurin fitowa yana nufin arha: wasu takardun kotu da suka bayyana a farkon 2025 sun nuna cewa Black Ops Cold War na 2020 ya ci sama da dala miliyan 700 a tsawon rayuwarsa.

Inda igiyar ta tsinke

Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa, kuma kamfanin Ubisoft na Faransa ya gani a jikinsa. Daga 2009 zuwa 2015 Assassin's Creed bai tsallake shekara ba, a 2014 ma biyu aka fitar. Ɗaya daga cikinsu, Unity, an gina shi a kan birnin Paris na zamanin juyin juya hali, da cocin Notre-Dame da dubban mutane a tituna. Aiki ne na gani na faɗa, amma bai nuna ba aka sauke shi. Hotunan da suka zagaye duniya su ne na mutanen da fatar fuskarsu ta ɓace, sai ƙwayar idanu da haƙora da gashi suna shawagi a iska. Jarumin kan faɗa ta cikin ƙasa ya yi ta nutsewa. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya raba ƙarin labarin Dead Kings kyauta. Na 2015 ya gaji fushin masu saye. Sai aka huta a 2016, aka dawo a 2017 da Origins, wanda aka kai Masar ta zamanin Kiliyobatira aka kuma sake tsarin wasan. Hutun shekara ɗaya kacal ya dawo wa jerin da martabarsa.

Guitar Hero bai samu wannan dama ba. A 2009 kaɗai an fitar da aƙalla 5 a ƙarƙashin sunan da danginsa, kasuwa ta gundura, a Fabrairu 2011 Activision ya dakatar da shi. WWE 2K20 na kokawa ya fito a lalace a 2019, aka soke na shekara mai zuwa. A Fabrairu 2025 masu Football Manager suka soke na 25 ɗungurungum bayan ɗagawa sau biyu, suka ce bai kai matsayin da za su karɓi kuɗin mutane a kansa ba. Wannan mataki ya cancanci yabo, don ba kowa ke iya barin cinikin shekara guda ba.

Sai dai masu saye ba kullum suke hukunta ganganci ba. Pokémon Scarlet da Violet sun fito a Nuwamba 2022, wata goma kacal bayan wani Pokémon ɗin, cike da sarƙewa da tsinkewar hoto, har Nintendo ya nemi afuwa. Duk da haka an sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana 3. Kamfanin da ya ga wannan adadi, da wuya wani sharhi ya sa ya rage gudu.

Akwai kuma mutanen da ba a cika tunawa da su ba, wato masu haɗa wasannin. A tsarin shekara-shekara, ranar fitowa ba ta motsi, don haka mutum ne ke lanƙwasa: kwana a ofis, aiki Asabar da Lahadi. A tsarin dogon jira ma ba su tsira ba. A 2018 Dan Houser, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Rockstar, ya ambaci aikin sa'a 100 a mako, daga baya ya ce manyan marubuta kaɗan yake nufi, amma maganar ta buɗe ƙofar ƙorafe-ƙorafen ma'aikata. Sannan idan gem ɗaya yana cin shekara shida ko bakwai, matashin da ya shiga sana'ar zai iya kai wa furfura da wasanni huɗu ko biyar kacal a tarihinsa, kuma idan aka soke ɗaya a tsakiya, shekarun sun tafi ba abin nunawa. Waɗanda suka yi GTA uku cikin shekara uku sun koyi sana'a ne ta hanyar gamawa da sake farawa. Na yanzu ba su da wannan makaranta. Ga kuma kora: sama da mutum 10,000 suka rasa aiki a masana'antar a 2023, a Janairu 2024 Microsoft ya sallami 1,900 watanni uku bayan ya sayi Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69, Sony ya bi da kusan 900 a Fabrairu.

Ga yawancin matasanmu da waya ce na'urar gem ɗinsu, maganar kashi na gaba ma ta fara zama tsohon yayi. Free Fire na 2017, PUBG Mobile na 2018 da Call of Duty Mobile na 2019 ba sa fitar da na biyu, sabuntawa kawai suke turowa, ta cinye data, a buɗe sabon zango da sababbin kayan saye. Illar ita ce gem ɗin ba naka ba ne, yana raye ne muddin manyan kwamfutocin kamfani suna kunne. Ubisoft ya kashe na wasan The Crew a ƙarshen Maris 2024, har waɗanda suka sayi faifai suka kasa buɗe shi. Wannan ya tayar da gangamin neman doka a Tarayyar Turai, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan 1 a 2025.

Hanyar tsakiya, tsakanin zuwa duk shekara da dogon jira, ba ta mutu gaba ɗaya ba, kuma mafi kyawun shaidarta a Japan take. Kamfanin Sega yana fitar da jerin Yakuza, wanda yanzu ake kira Like a Dragon, tun 2005, kusan kowace shekara ko biyu, kuma ba ya kunyar sake amfani da abin da ya riga ya gina. Yawancin labaran a unguwa ɗaya suke faruwa, Kamurocho, wadda aka kwaikwayo daga Kabukicho ta birnin Tokyo. Jar ƙofar shiga tana nan, dogon benen tsakiyar unguwa yana nan, lungunan suna nan. Abin da ke canjawa shi ne wani shago ya rufe wani ya buɗe, jarumin Kazuma Kiryu ya ƙara shekaru, yarinyar da ya rena ta girma. Mai bugawa yakan san hanya ba tare da duba taswira ba, kuma wannan sabo ya zama wani ɓangare na daɗin wasan. Ƙarfin da za a kashe wajen sake zana tituna sai a zuba shi a labari da mutane. Da suka gina birnin Honolulu don Infinite Wealth na Janairu 2024, sai suka sake amfani da shi a wasan da ya biyo baya a Fabrairu 2025. Capcom ma yana yin kusan haka da Resident Evil: inji ɗaya na manhaja, ana karɓa-karɓa tsakanin sabon labari da sabunta tsoho, aka samu fitowa a 2017, 2019, 2020, 2021 da 2023, yawancinsu kuma sun samu yabo.

Abin da ya hana manyan kamfanonin Amurka da Turai bin wannan sawu a adadi yake. Infinite Wealth ya kai kwafi miliyan 1 a makonsa na farko, kuma babu wanda ya kai shi saurin ciniki a tarihin jerin. Wannan ya isa a biya ma'aikata, a ci riba, a fara na gaba. Amma masu hannun jarin Take-Two, uwar kamfanin Rockstar, sun riga sun ga dala biliyan 1 cikin kwana 3, kuma da wannan ma'auni suke auna duk wani aikin da aka kawo musu.